Rigar Malam Gado a Jikin Hamsatu

"Gajiya ta bi lahiya, angona. To kai ina kwananka, tsohon da yaƙ ƙi warkewa kuma yaƙ ƙi ba mu wuri?"

Da wannan Hamsatu ta amsa sannu da zuwan da kakanta Malam Gado ya yi mata daga ƙarƙashin bargo. Saukowarta ke nan daga motar Jega, ko mayafi ba ta cire ba. Ɗakin ya cika da warin dafaffen ganyen bedi, wato dogon yaro.

"Wab buɗe ma ɓarauniya ƙohwa?" in ji bargon. "Ku ɓoye man takalmana."

Masassara ce ta kama tsohon tun ana yankan gero. A Jiga Birni ba a ɗaukar masassarar kaka da zafi, kowa ya san sauro ya yi damina tare da mutane, dole ya karɓi rabonsa. Malam Gado ya yi abin da kowa ke yi. Mai tallan magani a keke ya ba shi kulorokwin, ya sha na rana ɗaya, ƙaiƙayi ya taso masa har yana goga baya da jikin rumbu kamar jaki, ya rantse shi da farar ƙwaya har abada. Ya koma sirace da bedi da ganyen gwanda. Da abin ya ƙi, ya sake tare mai keken ya ce a zaɓo masa ja da ɗorawa, tunda fara ta ci amanarsa. In ya yi gumi da hantsi sai ya ce ya warke, a kai shi ya duba irin albasarsa. La'asar na yi sanyi ya dawo ya kayar da shi. Yanzu idonsa ya canza, ko fura ba ta zama a cikinsa.

Yahaya, mahaifin Hamsatu, ya ɗan taɓo maganar asibiti, tsohon ya yi masa kallo ɗaya, magana ta mutu. Ɗan fari ne, ko sunansa uban ba ya kira, ina shi ina musu da shi. Shi ya sa ya aika gidan mijin Hamsatu a Jega, don jika ce kaɗai ke taka tsoho ta kwana lafiya.

Da ta yaye bargon sai ta ga yadda fuskarsa ta faɗa. Tsoro ta ji sosai. Amma ta san halin mutumin nata, in ya ga alamar tausayi a idonta to ya gama cinye ta. Sai ta ɗauki gwangwanin ƙwayoyin da ke gefen filonsa ta karkaɗa.

"Wagga alewa ta wane biki ta?"

"Magani na, jahila. Ja na ciwon kai, ɗorawa na ƙarhin jiki."

"Na taurin kai hwa? Ya ƙare ma mai keken?"

"Wadda anka sallama ma ɗan Jega don an rasa mai ɗauka, ita ka yi man maganar kai."

"Kai kah hana ni masu ɗauka. Duk wanda yaz zaka zance, in ya gane ka bakin zaure sai shi ce gidan ga akwai gadon muni."

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya samu numfashi sai ya shiga kirarin da ta sha ji tun tana yarinya: shi ne ya ƙetare gulbi da damina da buhun iri a kai, shi ne kunama ta harba ta koma rami tana nadama. Ya ce sauron da ya cije shi, shi ya kamata a kai asibiti. Hamsatu ta ce ai kuwa ta gan shi a Jega, an yi masa allura ya warke, yana ma gaishe shi.

Kalmar allura ce ta tono abin da ke ransa. Ya ja bargo har wuya, ya ce da gemunsa ba zai kwance wa sa'an jikansa wando ba. An yanke su daga Sakkwato an ce yanzu su 'yan Kebbi ne, babu wanda ya zo ya tambaye shi, ya yi shiru. To gindinsa dai nasa ne, babu gwamnatin da ta isa.

Hamsatu ta lallashe shi, ta zage shi, ta ce za ta nemi saki ta auri maƙwabcinsa Jibrilla mai haƙori ɗaya. Ya ce Allah ya sanya alheri, shi zai ma ba da goro. Ta ga rana na ɗagawa, ta kuma san abin da la'asar za ta zo da shi.

"To shi ke nan," ta ce. "Tunda tahiya za ka yi, bari in hwara shiri."

Ta miƙa hannu ta sauko da babbar rigarsa ta saƙi daga kan igiya, ta zura. Ta kifa hularsa a kan ɗankwali, ta ɗauki sandarsa ta fita.

A al'ada, in tsoho ya cika da tarin shekaru, 'ya'ya ke kuka. Jikoki kuwa kayansa suke sawa su fito suna kwaikwayonsa, tafiyarsa da faɗansa da rowarsa, har masu zaman makoki su dara. Kowa ya san wasan jikoki. Abin da matan gidan ba su taɓa gani ba shi ne a yi shi mai rigar na kwance a ɗaki yana ji.

Masu daka suka tsaya da taɓare a hannu. Hamsatu ta karkace, ta ja ƙafa, ta yi gyaran muryar nan tasa mai kama da tada injin ban ruwa. Ta zagi kaji a kan sun kalli rumbu. Ta tsuguna ta shinshina albasar da aka shanya, ta yi ciniki da dillalin da babu shi, ta rantse an yi mata tayin da ya fi haka a kasuwar Aliero. Sannan ta waiga hagu da dama, ta ciro ɓarin goro daga cikin hula ta gatsa a ɓoye. Matan suka zube. Yahaya da ke zaure ya leƙo, ya ga abin da 'yarsa ke yi, ya koma da sauri yana toshe baki.

"Ƙarya ta."

Malam Gado ne a bakin ƙofa, ya riƙe dogarin ƙofar da hannu biyu, bargo na ja a ƙasa.

"Ba haka ni ka tahiya ba. Ƙahwar hagu ni ka ja, ba ta dama ba."

"Ni ta dama nig gani."

"Kuma ban taɓa ɓoye goro cikin hula ba."

"Ga shi ko na iske."

"Na ajiya na, ba ɓoyo ba."

"Haka za ni yi shi ran sadakar ukku, gaban mutanen Aliero da na Maiyama. Kuma in hwaɗa musu Gadon da yaƙ ƙetare gulbi, allura yag gudam ma har yah hwaɗa kabari."

"Ba ki isa ba."

"Ran nan ba ka nan balle ka gyara."

Dariyar matan ta ɗauke. Tsohon ya dube ta, ya dubi rigarsa a jikinta. Ya saki dogarin, wai zai nuna mata yadda maza ke tafiya. Bai yi nisa ba gwiwa ta ƙi, ya tafi luu. Hamsatu ta yar da sanda ta tare shi. Jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu, kuma babu nauyi ko kaɗan. Wannan ne ya karya mata zuciya.

"Kaka," ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. "Ba ni son yin wasan ga bana."

Rabon da ta kira shi Kaka tun kafin ta yi wayo. Ya jingina a jikinta yana haki. Can sai ta ji kafaɗarsa na motsi, ashe dariya yake.

"Ku ce ma wancan yaron shi tada babur," ya ce wa matan. "Ke ko, tuɓe man rigata. Mai ita bai mutu ba."

Ita ta sa masa rigar da hannunta. Aka ɗora shi bayan Yahaya, ta cire mayafinta ta ɗaure shi da ɗansa kamar goyo don kada ya sulale a hanya, tsohon na faɗin a shaida yau amarya ta goya ango. Ta ce za ta biyo su a motar da ta kawo ta, kuma ita za ta tsaya bakin ƙofa ta ji ko zai yi ihu.

Ta miƙa masa hular. Ya ture hannunta.

"Riƙe ta nan. Wagga tahiya taki ta agwagwa ta, ba ki iya komi ba tukuna. Kak ki kuskura ki yi ta gaban mutane sai na dawo na koya miki da kaina."