Janar Dunleavy da Rakun Talatin da Bakwai

A duk birnin Toronto ban san unguwar da ta yi dacen shugaba irin tamu ba. Mista Horace Dunleavy, shugaban ƙungiyar mazauna Titin Pellam, mutum ne da ko shara zai fitar sai ya sa kwat. Shekara ashirin da shida ya yi yana sayar da katifu kafin ya yi ritaya, amma takunsa na wanda ya ci ƙasashe da yaƙi ne. Shi ya sa muke ce masa Janar. Ya ɗauka yabo ne, mu kuma ba mu taɓa gyara masa ba.

Ni ne magatakardan ƙungiyar, Wendell Pacheco. Da rana ina jera fayiloli a wani kamfanin inshora, da yamma in rubuta abin da Janar ya ce. Shekara tara ban taɓa kuskuren kwanan wata ba.

A watan Mayu rakun suka addabe mu, dabbobin nan masu baƙin tabarau da yatsu irin na ɗan sane. Kowace safiya sai mu tarar da mazuban shara a kife, ɓawon ƙwai da ƙashin kaza har bakin titi. Ranar da suka yi kashi a kan tabarmar ƙofar Janar, ya kira taron gaggawa.

"Jama'ar Pellam!" in ji shi, hannu a ƙirji. "An taɓa mutuncinmu. Idan taron Oktoba ya zo akwai sauran mazubi ɗaya a kife, na sauka daga kujerar nan. Wendell, rubuta."

Na rubuta. Kujerar ta roba ce, amma tun da matarsa ta rasu ba shi da wani abu da yake tashi dominsa da safe sai ita.

Da farko ya ce guba. Na buɗe dokar lardinmu na nuna masa an hana. Ya ce bindiga. Na ce muna cikin gari. Ya ce to a kama su a kai su can dajin arewa. Na karanta masa cewa wanda ya kama dabbar dawa dole ya sake ta kafin kwana ɗaya ya cika, kuma kada ya wuce kilomita ɗaya daga inda ya kama ta.

"Wa ya rubuta wannan doka?" ya ce. "Rakun?"

Amma Janar mutum ne mai bin doka, musamman idan ana kallonsa. Muka ɗauki igiyar awo, ni a durƙushe shi a tsaye, muka auna tun daga ƙofarsa har wani kwari bayan filin ƙwallo. Mita ɗari tara da tamanin. Ni na ce a bar ashirin saboda tsaro, kuma na yi alfahari da wannan dabara har mako guda.

Ya sayo keji mai tarko, ya sa kifin gwangwani a ciki. Washegari da bakwai na safe sai ga rakun a zaune tana lasar yatsu. Muka ɗora kejin a sikeli, na cike layuka huɗu: lamba, rana, nauyi, kamanni. Janar ya sa ta a kujerar baya, ya kunna mata sanyin mota kada a ce ya azabtar da fursuna. A bakin kwari ya buɗe keji ya gyara murya.

"Tafi ki faɗa wa danginki, Titin Pellam yana da mai shi."

Ta dube shi, ta yi hamma, ta sauka a hankali.

Haka muka yi ta yi, sau biyu ko uku a mako. Duk kamu ɗaya sai Janar ya manna ɗan tauraro a ƙofar motarsa. Kafin Agusta ya daina amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗaga yatsu biyu. Ya fara rubuta littafin dabarun yaƙi, ya kai shafi na huɗu. Abin mamaki kuma, shara ta daina kifewa. Ni kaina na fara tafiya a bayansa da littafi a hammata kamar wani babban hafsa.

Taron Oktoba a ɗakin ƙasa na coci aka yi shi, da kofi da soyayyen fanke mai rami. Mutum ashirin da biyu suka zo. Janar ya ce kafin a kaɗa ƙuri'a in karanta littafin kamu duka, kada tarihi ya yi asarar ko layi ɗaya.

Na miƙe. "Lamba ɗaya, kilo biyar, mace, kunnen hagu a tsage. Lamba biyu, kilo biyar da ɗigo biyu, mace, kunnen hagu a tsage. Lamba uku..."

Ina lamba tara Misis Filomena Arruda, tsohuwar da ke gidan ƙarshe, ta ajiye saƙarta.

"Wendell, ɗana, duk rakun ɗin garin nan wanzami ɗaya ne ya yi musu kunne?"

Na duba layin kamanni daga sama har ƙasa, abin da ban taɓa yi ba. Sau talatin da bakwai na rubuta magana ɗaya da kyakkyawan rubutuna. Layin nauyi kuwa hawa yake kamar matakala, daga kilo biyar zuwa goma sha ɗaya. Ni aikina rubutawa ne. Ba wanda ya taɓa ce mini in karanta.

"Ai kullum ina ganinta," in ji tsohuwar. "Ta kan katangata take dawowa. Tana ma riga ku isowa, tunda ku sai kun tsaya shan kofi. Ta yi ƙiba har ta kore sauran daga layin."

"Baba Filomena, me ya hana ki faɗa?" na ce.

"Wa ya tambaye ni? Sharata dai lafiya lau."

Wani ya ƙware da fanke. Janar ya miƙe, kunnuwansa jajur, ya riƙe bayan kujerar da hannu biyu.

"To ai kun ji da kunnenku," ya ce. "Ku nuna mini wani janar da abokin gaba ya miƙa masa wuya sau talatin da bakwai!"

Ba wanda ya iya nuna masa. Aka kaɗa ƙuri'a, ya ci da ashirin da biyu, har da tasa. Dalilin jama'a a fili yake: mai ƙoshi da kifi ba ta kifar da shara, kuma ba ta barin wani ya kifar. Sharaɗi ɗaya suka gindaya masa, kada kifin ya yanke.

Janar ya ce to a huta da keji, a riƙa ajiye mata a kwano. Na sake buɗe doka, don halina ne. Birni ya hana ciyar da dabbar dawa, sai dai in abincin tarko ne. Wanda ya kama kuma dole ya saki.

Saboda haka har yau, da bakwai na safe, za ka gan mu a hanyar kwari. Janar yana tuƙi cikin kwat, ni ina gefe da littafi, ita tana baya tana gyangyaɗi. Shi ya tsira da kujerarsa ta roba. Ita kuwa ta sami kuku da direba, da magatakarda mai auna ta.