Jajayen Sandunan Makarantar Su Ladi

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba na sa 'yata Ladi a wata makarantar kuɗi a hanyar Bosso, irin wadda ake koya wa yara da kayan wasa. Da malamarsu ta ji ni kafinta ne, sai ta roƙe ni in gyara musu kanta ranar Asabar.

Ina cikin aiki na hango wasu jajayen sanduna a jere, wata ta fi wata tsawo. Na girgiza kai, na ce wane ɗan koyo ne ya cuci baiwar Allah haka? Na ɗauko zarto na daidaita su tsaf da ƙaramar cikinsu, kyauta.

Ranar Litinin da kaina na raka Ladi, don in karɓi godiya. Malama ta daɗe tana kallon sandunan, sannan ta ce a hankali, "Baban Ladi, daga Ingila fa aka kawo su. Da su yara ke koyon dogo da gajere."

Yau Ladi har ta yi jika, amma in dogon baƙo ya shigo gidanmu, sai mai ɗakina ta ce, "Sunkuya, bawan Allah, Malam na kusa da zarto."