Ranar da Na Lakaɗa wa Baba Yohanna Duka a Talabijin

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da Asabar ɗin nan ta farkon Disamba ba. Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na hango farar hula ta shawo kwanar layinmu sai in fara neman inda zan ɓuya a bayan kwalayen rediyo.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina: ni matsoraciya ce. Ƙadangare ya faɗo daga rufi, na yi ihu. Jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, na zubar da abin da ke hannuna, alhali kullum sai ya yi, kuma a lokaci ɗaya yake yi. Da na gama sakandare, Mama ta turo ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Nok zuwa Kafanchan, wurin yayanta Kawu Bitrus, in riƙa taya shi zama a shago. Rediyo yake sayarwa, da batir da tocila da kaset. Sharaɗin a fili yake: in na yi amfani in zauna, in ban yi ba in koma gida aikin citta. Wanda bai taɓa wuni yana tsaga ɗanyar citta da wuƙa ba, har yatsunsa su yi zafi ya manta ya sosa ido, ba zai gane dalilin da ya sa nake share shagon nan sau uku a rana ba.

To, ana saura 'yan makonni Kirsimeti, dilan da ke kawo wa Kawu kaya daga Kaduna ya aiko da wani sabon abu. Gem ne, wato ɗan akwatin wasa da ake jona wa talabijin, da kaset ɗinsa, da fad guda biyu, wato abin da ake riƙewa ana danna maɓallai. Guda ɗaya tak ya aiko, samfur. Ya ce ainihin kayan suna hanya, a nuna wa mutane, duk mai so ya faɗa tun yanzu a ajiye masa.

Kawu ya ɗora kwalin a can saman kanta, ya ce nuni ya ƙare.

"Kawu," na ce, "ai ba kwali za su saya ba. A jona musu su taɓa, su ji daɗinsa."

"Su ji daɗinsa kyauta, sa'an nan su sayi me? Kaya a cikin kwali yake da daraja. Mutum in ya taɓa, sha'awa ta tafi."

Ni kuwa da satifiket ɗina da bai ma fito ba, na gyara tsayuwa na kawo hujja. Na nuna Inna Hajjo, Bafillatanar da ke ajiye ƙwaryar nononta a barandarmu kowace rana, na ce ai ita ba ta sayar wa kowa sai ta ba shi ya ɗanɗana.

Inna Hajjo ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ni da ɗan ƙaramin ludayi nake bayarwa, 'yata. Kuma sai na kalli fuskar mutum tukuna. Akwai wanda ɗanɗanon nan shi ne abincinsa na rana."

(Da ina da hankali da a nan na yi shiru. Amma na yi shekara shida a makarantar kwana, ina ganin na fi mai nono sanin kasuwa.)

Na dinga damun Kawu har ya gaji. "To, Malama mai ilimi," in ji shi, "Asabar ɗaya na ba ki. A fitar da talabijin baranda. In mutane sun ce a ajiye musu, kin ci. In sun buga sun kama gabansu, bayan Kirsimeti ki haɗa kayanki. Uwarki ma tana neman hannu."

Kafin Asabar dole in koyi abin, tunda ni zan nuna. Duk lokacin da Kawu ya tafi cin abinci sai in jona shi a ɗakin ajiya. Wasan na faɗa ne: mutum biyu suna dambe da shuri, kowa da sandar ransa a saman allo, wanda tasa ta ƙare ya faɗi. Ranar farko da mutumin cikin talabijin ya yi tsalle ya nufo ni, na jefar da fad ɗin na fita waje da gudu. Rana ta biyu na gano wani abu game da kaina. In tsoro ya kama ni kuma babu wurin gudu, yatsuna suna danna komai a lokaci guda, bakina kuma yana buɗewa da kansa. Zagin da ban san na iya ba, wanda na tsinta a tashar mota da layin famfo, duk sai ya fito. Kuma haka nake cin wasan. Ban taɓa jin kaina sosai ba, domin bango ɗaya ne tsakaninmu da injin niƙan Oga Sunday, wanda ke ruri tun safe har yamma. A tsammanina ɗan gunaguni nake yi.

Asabar ta zo. Muka fitar da talabijin, na jera benci biyu, na ɗaura ɗankwalina na zuwa coci. Kafin ƙarfe goma baranda ta cika. Samari 'yan sakandare, masu gyaran babur, har da tela na ƙarshen layi da tef a wuya. Kowa ya buga zagaye ɗaya, ya roƙi na biyu, ya yi rantsuwa bai taɓa ganin abu mai daɗi haka ba. Sai in ce, "To a ajiye maka ɗaya?" Sai ya sosa ƙeya.

"Sista, gobe ma za a fitar?"

Wani ma cewa ya yi, "Ai na riga na gane shi. Duka ne kawai, ka doke ni in doke ka." Bayan ya yi zagaye biyar fa.

Har azahar babu mutum ɗaya da ya ce a ajiye masa. Kawu yana jingine da ƙofa yana sakace, yana yi mini murmushin da ya fi zagi ciwo. Ni kuwa na fara jin warin citta a hancina.

Sai ga Baba Yohanna.

Duk wanda ya san unguwarmu ya san shi. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, wato hukumar jiragen ƙasa, da ya yi ritaya, dattijon ikilisiyarmu, mutumin da in ya yi gyaran murya a taro har Fasto yakan duba ko ya yi kuskure. Kullum cikin farar riga da farar hula. Abin da ya saya, tsofaffin abokan aikinsa za su saya, domin ba sa yarda ya fi su. Yana isowa samari suka miƙe daga benci, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi.

"Bitrus, mene ne wannan ya tara mutane kamar ana rabon taki?"

Kawu ya yi bayani da hannu biyu. Baba ya ce jikokinsa za su zo hutu daga Sabon Tasha, kuma shi ba ya sayen abin da bai gwada ba, ko keke ne. Ya zauna, ya karɓi fad ɗaya. Kawu ya miƙo mini ɗayan, ya sunkuyo daidai kunnena.

"Ki bar shi ya ci. Kin ji ni? Ko da wasa kada ki taɓa shi."

Ai ba sai an faɗa mini ba. A gidanmu ko dara ake yi, yaro ba ya cin babba a gaban mutane. Na zauna a can bakin benci, na sunkuyar da kai, na bar mutumina yana tsaye kamar wanda ke jiran mota. Baba yana danna maɓalli da yatsa ɗaya, a hankali, irin yadda ake buga tambari a ofis. Mutuminsa ya matso, ya ɗan taɓa nawa. Jama'a suka yi tafi. "Baba ya iya! Baba tsohon hannu!" Ya ci zagayen farko, na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Kawu har ya fara share ƙurar kwalin.

A zagaye na biyu ne Shaiɗan ya samo kujera ya zauna. Ban san abin da Baba ya danna ba, shi ma na tabbata bai sani ba. Mutuminsa ya yi wata irin kururuwa, ya tashi sama, ya juya, ya nufo ni da ƙafa biyu.

Daga nan abin da zan faɗa, rabinsa ban san na yi ba, ba ni labari aka yi.

An ce na miƙe tsaye. An ce ɗankwalina ya zame ban kula ba. Yatsuna suka hau aikinsu, mutumina ya kama na Baba ya haɗa shi da bango, naushi, shuri, naushi, shuri. Bakina kuma ya buɗe. Kuma a daidai wannan lokacin, cikin dukan lokutan da Allah ya halitta, Oga Sunday ya kashe injinsa zai ci abinci.

Layin ya yi tsit, sai muryata.

"Zo mana! Wa ya aike ka? Yau za ka ci ƙaniyarka! Tashi! Tashi in ƙara maka, ragon banza!"

Na kai gwiwar hannu gefe, na ji ta bugi wani abu mai laushi, ban waiwaya ba. Sandar ran Baba ta ƙare, mutuminsa ya faɗi warwas. Da a nan na tsaya, da an ce da talabijin nake. Amma ni da kaina, 'yar Mama, mai karanta Littafi Mai Tsarki a taron matasa na ranar Laraba, na juya na fuskanci Baba Yohanna, na nuna shi da yatsa dab da hancinsa, na ce:

"In kai namiji ne ka ƙara!"

Sai na ga fuskarsa. Sai na ga kansa, wanda ban taɓa gani ba hula ba tun da na zo garin nan, yana ƙyalli a rana. Sai na bi idon jama'a, na ga farar hular tana iyo a cikin ƙwaryar nonon Inna Hajjo.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kiɗan gem ɗin kawai ke tashi, ɗan kiɗan murna, ƙwing ƙwing ƙwing, mutumina yana ɗaga hannu sama yana tsalle. Na zube a kan gwiwa da fad ɗin a hannu, na ce, "Baba, ka yi mini gafara, ba ni ba ce." (Har yau ban san wa nake so in ɗora wa ba.)

Inna Hajjo ta tsamo hular da ludayi, ta matse ta, ta miƙa masa. Baba ya karɓa, ya dube ta, ya dubi Kawu.

"Yarinyar wane ne wannan?"

"Baba, 'yar ƙanwata ce. Daga ƙauye. Ba ta daɗe da zuwa ba." Kawu ya faɗi haka kamar ranar ya fara ganina.

"Ba ita ce mai karatu ranar Laraba ba, wadda kullum muke cewa ta ɗaga murya?"

"Ita ce, Baba."

"Hm. Ashe akwai muryar."

Ya sa jiƙaƙƙiyar hular a aljihu, ya tafi da kai a buɗe, mutane suna darewa suna ba shi hanya.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya shigar da talabijin, ya mayar da gem cikin kwali, ya ce ba sai an jira Kirsimeti ba, motar Litinin tana nan. Ranar Lahadi na zauna a bencin ƙarshe na coci, bayan wata mata mai babban gwaggwaro, duk da haka ina jin 'yan zumuntar mata suna waiwayowa ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya raɗa wa ɗan'uwansa, "In kai namiji ne," uwarsu ta make shi, ita ma kafaɗarta tana rawa.

Litinin da safe jakata tana bakin ƙofa, ina share shagon sharar ban kwana, sai ga Baba da sabuwar hula. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Bai dube ni ba.

"Bitrus, in kayan nan sun iso a ajiye mini ɗaya. Saboda jikoki."

"To, Baba. Saboda jikoki."

"Wannan jaka fa?"

Kawu ya ce yarinyar ce za ta koma gida. Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ba inda za ta. Ta kira ni a gaban jama'a ta ce in ƙara. Shekara talatin na yi a reluwe ban taɓa barin aiki a rabi ba. Ta zauna nan har in shirya."

Haka na tsira daga citta. Kafin mako ya ƙare tsofaffin abokansa uku sun zo, kowa a ɓoye, kowa saboda jikoki. Samarin da suka wuni suna bugawa kyauta kuwa ko ɗaya bai saya ba, sai dai su leƙo su tambaya ko za a sake fitarwa. Don haka gardamarmu da Kawu ba ta mutu ba. Shi yana cewa gwaji bai sayar da komai ba, rashin kunyata ce ta sayar. Ni ina cewa ai a wurin gwajin aka yi rashin kunyar. Inna Hajjo ta ce mu biyun mu biya ta kuɗin nononta tukuna.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka fitar da kaya baranda jama'a su gwada, ka fara gwada kanka a inda babu injin niƙa.

Jiya matar Baba ta tare ni a kasuwa. Ta ce jikoki sun zo sun koma ba su taɓa abin ba ko sau ɗaya, ya ce za su lalata. Ta ce babban yatsansa har ya yi kanta. Sa'an nan ta isar da saƙo: Baba ya shirya, Asabar mai zuwa, a baranda, kuma in na kuskura na bar shi ya ci da gangan zai kai ƙarata wurin Fasto a kan ƙarya. Kawu kuma ya ce in na sake dukan dattijo a ƙofar shagonsa, da ƙafa zan tafi ƙauye. Na kwana ina juya abin, na yanke shawara. Zan buga tsakanina da Allah, amma ɗankwalin a baki zan ɗaura shi.