Ladabin da Ya Kayar da Surukina a Ƙwallon Lambu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da ladabina ya sa surukina tuɓe takalmi a bainar jama'a. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da kuwa ina tsaye cikin ruwa a fangalin albasa.

Ni manomin rani ne a Talata Mafara. Ba yabon kai ba (to, yabon kai ne, amma ku bar ni), a yankinmu in ruwa ya ƙi shiga fangalin mutum ni ake kira. In tsuguna, in kanne ido ɗaya, in nuna masa inda tudu ya ɓuya. Yana kwashe ƙasar wurin sai ka ga ruwa ya miƙe abinsa. Wannan idon shi ne digirina.

Surukina kuwa, wanda nake kira Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya gama aiki a birni ya dawo gida da ciwon gwiwa da wata doguwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe. Shekara takwas ina auren 'yarsa Balki, ban taɓa jin abin da ya wuce "madalla" daga bakinsa ba. In na je gaisuwa, tun daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi in rakuɓe a ƙasa. Kullum sai ya nuna kujera ya ce, "Taso ka zamna nan." Ni kuma kullum sai in ce, "A'a Baba, nan ma ya yi." Haka aka tarbiyyantar da mu: in babba ya ce ka hau, kara ce ya yi maka, kai ma sai ka mayar masa da kara. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.)

Sandunan nan na wasan golf ne. Baba da wasu tsofaffin ma'aikata irinsa sun share wata saura a hanyar Bakura, suka haƙa ramuka shida, suka kafa wa kowane tuta. Ciyawa dai babu, sai suka cakuɗa yashi da baƙin mai suka daɓe kewayen kowane rami sumul, shi ne muke ce wa daɓe. Duk shekara bayan kaka ake karawa tsakanin Baba da taubashinsa, Alhaji Bawa na Maradun, kowa da abokin bugunsa. Ba kofi, ba rago. Sharaɗin ya fi haka ciwo: wanda aka ci zai tuɓe takalmi ya gaida wanda ya ci, kuma shekara guda cur duk inda suka haɗu, suna ne ko jana'iza, sai ya kira shi Yaya. Baba ya girmi Alhaji Bawa da wata biyu, amma shekara uku ke nan yana ce masa Yaya. A bara kuma ya sanar cewa gwiwa ta gaji, wannan ne wasansa na ƙarshe, kuma ya rantse sai ya ƙwato girmansa zai ajiye sanda.

Ana saura kwana huɗu abokin bugunsa ya gurɗe a ƙafa. Balki ce ta kawo mini labari tana zuba tuwo, ta ce Baba ko abinci ba ya iya ci, ya rasa wanda zai taya shi ƙwallon lambu.

"Ƙwallon me?" na ce.

"Ƙwallon lambu mana. Haka ake ce wa wasan a rediyo."

Jama'a, nan Shaiɗan ya shigo. Na ajiye loma na ce, "Balki, in dai abu na lambu ne, wa ya fi ni a garin nan? A lambu fa aka yanke mini cibi!" Da wasa na faɗa. Ita kuwa baiwar Allah, ko hannu ba ta wanke ba ta buga wa mahaifinta waya.

Ranar Asabar da hantsi na iso cikin farar shadda ta Sallah da hula zanna, domin na ji an ce wasan manya ne. Na tarar da kowa cikin riga mai gajeren hannu da malafa. Mutanen Maradun sun cika mota biyu, na Bakura sun zo kallo a babura, har da mai shayi. Alhaji Bawa, gajere mai tumbi da dariya kamar injin ban-ruwa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Baba, "Ƙanena, ango ka kawo muna ko ɗan wasa?"

Alƙalin wasa wani tsohon hedimasta ne mai tabarau, riƙe da littafin doka da usur. Ya yi bayani: ƙwallo ɗaya ni da Baba za mu riƙa karɓa-karɓa, ni in buga shi ya buga, ɓangaren da ya jefa a rami da bugu kaɗan shi ya ci ramin. Daga nan ya shiga karanto dokoki da Turanci, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, alhali kalma uku ban tsinta ba. Da ya gama Baba ya ja ni gefe, ya yi mini magana mafi tsawo a tarihin surukutarmu.

"In munka hau daɓe, kana iya gwada mini hanya da yatsa. Amma in na tashi bugu, kada ka tsaya bayana. Ka jiya?"

"Na ji, Baba."

A raina kuwa cewa na yi: Allah sarki, dattijo mai tawali'u, ba ya son a ga suruki na bin bayansa kamar dogari. Na jefa maganar a kwandon "taso ka zamna nan".

Bugun farko nawa ne. Na ɗaga sanda na sara kamar mai huɗa. Ƙasa ta tashi, ƙura ta turnuƙe, hulata ta faɗi, ƙwallo kuwa tana nan inda take tana kallona. Hedimasta ya ce wannan ma bugu ne, ya rubuta. Da Baba ya buga nasa, bugu ya sake zagayowa kaina, na same ta sosai, sai dai ta nufi garken awakin da ke kiwo a gefe. Alhaji Bawa ya riƙe ciki yana cewa, "A bar shi, a bar shi, bana sai mun shuka gero wurin ga!"

Amma da muka hau daɓe, labari ya canza. Ina tsugunawa na kanne ido, sai na ga ashe fangali ne kawai aka shafa wa mai. Ga tudu, ga gangare, ga inda ruwa zai kwanta. Don in tabbatar har na jawo butar alwala zan tsiyaya ruwa in ga inda zai bi. Hedimasta ya busa usur kamar an ga ɓarawo, ya ce ko ɗigo ya taɓa daɓe mun yi asarar ramin. Na mayar da buta ina ba da haƙuri. Na nuna wa Baba wani wuri da yatsa, taku guda hagu da rami, na ce, "Baba, nan ruwa zai bi." Aka ba ni aikin riƙe tuta a bakin rami. Baba ya buga, ƙwallo ta yi kwana kamar ta ji maganata, ta faɗa ƙwal.

Baba ya ɗago ya dube ni. Bai ce madalla ba. Cewa ya yi, "Kai!" Wallahi ranar aurena ban ji daɗi haka ba.

Haka muka yi ta tafiya, ni in ɓata a fili in gyara a daɓe. Bayan rami biyar, mun ci biyu, sun ci biyu, ɗaya canjaras. Saura na ƙarshe. Su Alhaji Bawa suka jefa tasu a bugu bakwai. Mu muna da biyar, ƙwallo tana kan daɓe kamar taku takwas daga rami, kuma Baba ne da bugu. In ta shiga, shekara uku ta Yaya ta ƙare.

Na tsuguna, na karanta ƙasa, na nuna wa Baba hanya. Sai ya ce a cire tutar gaba ɗaya, tana raba masa hankali. To, kun ga matsalar. A sauran ramukan tutar ce ta ba ni dalilin tsayawa a gaban surukina. Yanzu ga ni ƙiƙam, hannu ba komai, cikin shadda, a gaban dattijo, manyan gari uku suna kallo. Na ji kamar kowa na cewa a ransa, dubi marar kunya. Sai tarbiyya ta motsa. Na zagaya a hankali, na tuɓe takalmi (eh, har da tuɓe takalmi), na durƙusa ta baya, daidai saitin ƙwallo da rami. Baba ya gyara tsayuwa. Ni kuma ina ta raɗa, "Ɗan dama, Baba... yauwa... haka."

Ya buga. Ƙwallo ta gangara, ta yi kwanar da na ce, ta yi jim a bakin rami, ta faɗa.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na jefa hula sama, na zagaya daɓe da gudu ba takalmi ina kabbara. Ni da ko tari ba na yi a gaban Baba, sai ga ni a gaban Alhaji Bawa ina nuna masa ƙafa: "Alhaji, a tuɓe! A ce Yaya!" Sai da na gama haki na lura ni kaɗai ke murna.

Hedimasta ya gyara tabarau. Mutumin kirki ne, yanzu na gane ƙofa ya so ya buɗa mini, domin dokar ba ta kama wanda ya tsaya a wurin bisa kuskure.

"Malam," ya ce, "na hange ka can baya sa'ad da surukinka ka bugu. Halama wucewa kakai, ko takalminka ka tahi ɗauka?"

"Wucewa?" na ce, har da dukan ƙirji. "Ranka ya daɗe, da gangan na durƙusa! Tun da ya gyara tsayuwa har ya buga ina nan ban motsa ba. Ni na saita shi, kowa shaida ne!"

Wani daga cikin mutanen Mafara ya ce, "Innalillahi."

Hedimasta ya buɗa littafi, wannan karon da Hausa ya fassara, a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Abokin bugu yana iya nuna hanya kafin a gyara tsayuwa. Amma daga lokacin da mai bugu ya fara gyara tsayuwa har ya buga, ba a yarda abokinsa ya tsaya ta baya da gangan a kan layin ƙwallo ba. Wanda ya yi, ramin ya kuɓuce wa ɓangarensa. Ya rufe littafi ya ce, "Maradun ta ci."

Baba ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ni ko ganinka ban yi ba." Wato raɗar ma da na yi ta yi, ko ɗaya ba ta kai kunnensa ba.

Daga nan ya sunkuya da gwiwar nan mai ciwo, ya kwance igiyar takalminsa, ya tako kan yashi da safa, ya ce, "Yaya, barka da nasara." Alhaji Bawa ya dafa kansa ya ce, "Allah shi maka albarka, ƙanena." Sannan ya rungume ni, ya shaida wa jama'a cewa a duk Maradun ba shi da masoyi kamata. Na so ramin nan ya yi faɗin da zan shige a mayar da tuta a kaina. Ban taɓa jin kunya da tausayi irin na ranar ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Balki ta buɗe ƙofa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Na-baya." Sunan ya bi ni har kasuwar Talata, masu sayen albasa ma da shi suke nemana yanzu.

Mako biyu ina zagaye layin su Baba ta bayan gari. Rannan ya aiko a kira ni. Na shiga zaure, na rakuɓe a inda na saba. Ga jakar sanduna a jingine, an goge ta tas.

"Na so in aje sanda bana," ya ce. "Amma ba ni mutuwa ina ce ma Bawa Yaya. Baɗi za mu koma, ni da kai."

Na ɗago a firgice. Ya turo mini littafin doka, an ja layi da jan biro a shafi guda.

"Idonka na da kyau, ban taɓa ganin irinai ba. Kunne ne Allah bai ba ka ba." Ya nuna kujerar nan ta shekara takwas. "Taso ka zamna nan."

"A'a Baba, nan ma..." Sai na haɗiye sauran. Na dubi littafin, na dubi fuskarsa. Na miƙe, na ɗosana mazaunaina a bakin kujera.

"Madalla," Baba ya ce. "Da haka ka yi tun farko, da yanzu ni ne Yaya."

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: ashe wani lokaci in babba ya faɗi magana, abin da ya faɗa ɗin yake nufi. Shi ya sa yanzu ko fura Baba ya ce in sha, sai na fara tambaya, "Baba, wannan kara ce ko doka?"