Tiya Takwas

Lokacin mulkin soja ne, ina gadin ɗakin abincin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Buza. Aji huɗu na yi kahin a kore ni, amma duk ƙauyen, in ka cire mushe, malamin lakwal ɗin, babu mai ilimina.

Ran Lahadi mushe zai tahi Madawa, ya bar mini takarda: wake kilo takwas kullum, buhu guda ya kai mako. Sikeli kuwa ya lalace tun bara.

Inna Hajo mai dahuwa ta zo da tiyarta. "Ɗana, ni ban san kilo ba. Tiya nawa?"

Na tuna an koya muna lita guda kilo guda ce. Na dubi tiya, ta yi mini kama da lita. Na ce, "Takwas."

"Takwas? Biki za a yi?"

"Inna, lissahin nasara ne. Ke dai auna."

Ta auna har da tozo. Kahin azahar wake ya kumbura ya ture murhi, anka aro tukwane uku, su ma sunka cika. Yara sunka ci har sunka kasa karatu. Washegari na sake cewa takwas, don kada a ce jiya kuskure na yi. Ran Laraba buhu ya ƙare, sauran kwanakin yara da yunwa sunka koma gida.

Mushe ya dawo ya cika mini allo da bayani, wai tiya kilo biyu da rabi ce, kuma wake ba ruwa ba ne. Na gyaɗa kai. Har yau ban gane inda ruwa ya shigo maganar ba.

Yanzu ga hurhura a kaina, amma in na ratsa kasuwar Buza, masu awo sai su ɗaga tiya: "Mushe Lita, yau biki nawa za mu auna?"