Rasuwar Beryl, Kilomita Biyu Kafin Cape Patton

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben makulli a aljihu duk safiya, ni Narelle Tonkin ta garin Apollo Bay nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da tsofaffin fasinjoji, da duk direban da ya taɓa maƙalewa a bayanmu yana danna mana hon, rasuwar motar gidanmu Beryl, ƙaramar bas mai kujera goma sha biyu. Ta cika ranar Lahadin da ta gabata da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a gefen hanyar bakin teku, kilomita biyu kafin Cape Patton. Shekarunta talatin da bakwai. Ta rasu a bakin aiki, da fasinja ɗaya a cikinta.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ina 'yar shekara goma sha biyar. Mahaifina, Mervyn Tonkin, wanda kowa daga Anglesea zuwa Port Campbell ya sani da Merv, shi ya kawo ta, fara sol, ya raɗa mata sunan wata gwaggonsa saboda, in ji shi, su biyun ba sa tashi da safe sai an roƙe su. Tun daga ranar aikinta ɗaya ne: ta kwashi masu yawon buɗe ido ta bi da su wannan hanya tamu, teku a hagu, dutse a dama, ta dawo da su lafiya. Ta ɗauki amare da angwaye, ta ɗauki tsofaffin coci, ta ɗauki baƙi daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. An yi amai a cikinta fiye da yadda za a ƙirga, domin kwane-kwanen hanyar ba sa raga wa wanda ya cika ciki da kifi da soyayyen dankali a Lorne. Ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba.

Za a tuna da ita da haƙuri. Ba ta taɓa wuce wata mota a rayuwarta ba, sai dai in motar tana tsaye. Tana shiga wurin ratsewa ta ba masu sauri hanya, ko sun gode ko ba su gode ba. Ba ta taɓa taka dabba ba, ko da kangaru ya faɗo mata ba sallama. Iskar gishiri ta ci ƙofofinta, fararen aku na Lorne sun cinye robar gilashinta kaf, ba ta yi ƙorafi ba. Aibinta kuwa, tunda ba a yi wa mamaci ƙarya: tana da hayaƙi, tana da taurin giya ta biyu, kuma duk lokacin da aka yi ruwa sai ta ɗiga wa wanda ya zauna a kujera ta bakwai.

Amma da muryarta aka fi saninta. Tari uku take yi kafin ta tashi, uhu, uhu, uhu, sannan gurrrum, sai duk jikinta ya ɗauki kakkarwa. Ƙofar gefe garam take rufuwa. A hawan dutse tana wani kuka siriri, wiiii, wanda mutanen Wye River suke ji su san ƙarfe goma ta wuce. Injinta a ƙarƙashin kujerun gaba yake, saboda haka wanda ya zauna a gaba ba da kunne kawai yake jin ta ba, har cikin ƙashin bayansa yake ji, da ɗuminta da rawarta. Tana kuma da lasifika guda a rufi, mai ƙirrr kafin ta yi magana, kuma muryar da take fitowa daga ciki ta Baba ce.

Da na kai shekara ashirin da biyu Baba ya miƙa mini sitiyari ya koma kujerar hagu da makirfo, wai ya gaji da raba hankali tsakanin baki da birki. Shekara ashirin da biyar muka yi a haka, kuma a cikinsu bai canza ko kalma ɗaya ba. A Kennett River lasifikar takan ce, "Jama'a, ku ɗaga kai, ga koala can a bishiya yana barci. Awa ashirin yake yi a rana. Ƙanin matata ne kaɗai ya fi shi." In wani ya tambayi me ya sa duwatsun nan na cikin teku da ake kira Manzanni Sha Biyu ba su cika sha biyu ba, sai ta ce, "Sauran sun tafi shan shayi, yallaɓai, ka jira su in kana da lokaci." A hawan Cape Patton kuwa, inda hanya take manne da dutse, teku na can ƙasa yana kumfa, fasinjoji sun yi tsit sun ƙanƙame kujeru, sai ya bari mun kai ƙoli tukuna, sannan ƙirrr:

"To, tunda mun tsira, bari in faɗa muku gaskiya. Direbarmu ta yau 'yata ce, Narelle. Jiya-jiyan nan ta karɓi lasisi. A tafa mata!"

Na tsani wannan barkwanci. Ina da shekara arba'in da biyar, da furfura a kaina, ana tafa mini kamar yarinyar da ta ci gasar karatu. Sau nawa na ce masa, "Baba, don Allah ka nemi wani sabo." Sai ya ce, "Ke kika ji shi sau dubu, su yau suka fara ji. Ki kalli hanya."

Wanda ya san gidanmu ya san abin da ya biyo baya. Shekara huɗu ke nan Baba yana gidan kula da tsofaffi a Lorne, ciwon mantuwa ya cinye shi. Ya fara manta inda ya ajiye tabarau, ya zo ya manta Mama ta rasu, daga baya ya manta akwai wata Mama. Ni ce ta ƙarshe da ya saki. Idan na shiga ɗakinsa yakan miƙe da ladabi, domin ladabin bai bar shi ba, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?" Wani lokaci ya ɗauka ni ce mai kawo magani, ya buɗe baki yana jira.

Wata Lahadi motata ta ƙi tashi, na fito da Beryl daga rumfar da ta yi shekara tana hutawa, na je da ita. Na ce bari in zaga da shi ya sha iska. Na zaunar da shi a kujerar hagu, na ɗaura masa bel, na murɗa makulli. Ta yi tarinta uku. Kafin gurrrum ɗin ya gama sauka, hannunsa ya kai kan makirfo da kansa. Ya juya ya dubi kujeru goma da babu kowa a kansu, ya yi musu barka da safiya, ya roƙe su kada su jefa wa tsuntsaye dankali ta taga. Ya faɗi barkwancin koala. Ya faɗi yadda sojojin da suka dawo daga yaƙi suka sassaƙa hanyar da diga da shebur. Da muka kai ƙolin Cape Patton sai ya faɗi sunana. Na ratse gefe na kifa kai a sitiyari na yi kuka, shi kuma yana tafa mini shi kaɗai.

Tun daga ranar, wannan ne aikin marigayiyar na ƙarshe, kuma shi ne mafi girma. Kowace Lahadi, ko ana ruwa ko ana iska, takan ɗauko Baba daga Lorne ta kai shi ƙolin nan domin ya ce ni 'yarsa ce. Sau ɗaya a mako, jimla ɗaya. Da na kashe injin a Apollo Bay yake komawa baƙo, ya yi mini godiya kamar yadda ake yi wa direban haya. Ban damu ba. Da wannan jimlar nake cin sauran kwana shida.

Jinyarta ta daɗe. Tsatsa ta fara daga ƙasa ta yi sama. Lagireto ya riƙa shan ruwa kamar mai zazzaɓi, hayaƙinta ya koma shuɗi. Likitanta na shekara talatin, Spiro Kalligas mai gareji a bayan kantin kifi, ya yi iya ƙoƙarinsa. Tun bara ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu ya ce, "Narelle, wannan tsohuwa fenti ne kawai yake riƙe da ita. In kika yi atishawa da ƙarfi za ki tsinci kanki zaune a kan kwalta." Na ce ya ƙara mata wata uku. Ya ƙara mata goma sha ɗaya, kuma Allah ne kaɗai ya san da me.

Ranar da za ta tafi ta tashi da tari biyar maimakon uku. Na ji, na yi kamar ban ji ba. Gari ya yi sanyi, teku ya yi shuɗi fes irin wanda baƙi suke tare hanya su ɗauka a hoto. Baba yana cikin nishaɗi, har ya ƙara wa ƙanin Mama awa biyu a barcinsa. Mun wuce Kennett River, mun wuce Grey River, mun kama hawa. Ta fara kukanta siriri, wiiii, sai kukan ya sauya, ya yi kauri. Na ji ƙwas ƙwas ƙwas a ƙarƙashina, sannan gau, sau ɗaya. Ta gangara da kanta zuwa gefe, ta tsaya daidai inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Ko a nan ba ta bar halinta ba.

Baba yana tsakiyar magana lokacin. Makirfo na bakinsa, ya ce, "Yanzu kuma, jama'a, ku riƙe kujerunku, domin nan gaba kaɗan," sai shiru ya sauka. Na murɗa makulli, na sake murɗawa. Ina jin kujerar tana hucewa a ƙarƙashina. Ya dubi abin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya, ya ɗora shi a cinya. Ya juyo gare ni ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, ina za ki kai ni?"

Spiro ya zo ya ɗaga kujera ya leƙa, ya cire hularsa. Injin ya fashe ta gefe, kuma ko da an samu wani, ya ce, babu sauran ƙarfe mai lafiya da za a ɗaura shi a kai. Kada kowa ya wahalar da kansa da ba ni shawarar wata mota, don na riga na gwada. Ranar Talata na aro sabuwar bas, mai laushin tafiya, mai shiru, na sa Baba a gaba na ba shi tsohon makirfonsa. Ya yi barci tun kafin Wye River. Ya farka a Cape Patton ya ce wurin yana da kyau, bai taɓa zuwa ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da bokitin amai mai launin ja, da taswirar da ta yage a daidai Lorne, da takalmin jariri guda da wani fasinja ya manta shekara ashirin da suka wuce muna ta jiran ya dawo. Ta bar Spiro, wanda ya ce ba kuka yake yi ba, mai ne ya shiga masa ido. Ta bar abokin tafiyarta, Mervyn Tonkin, mai shekara tamanin da ɗaya, wanda bai san an yi rasuwa ba. Ta bar ni. Ina kuma shaida wa jama'a laifina da bakina: shekara huɗu waya tana aljihuna, ban taɓa naɗar muryarta ko tasa ba. Na riƙa ganin in na naɗa, na yarda ke nan wata rana za a daina.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe goma da rabi na safe. Spiro zai ɗaura ta a bayan janwensa ya ja ta a hankali daga inda ta faɗi zuwa ƙolin Cape Patton, domin ta ƙarasa kilomita biyun da suka rage mata. Daga can za a wuce da ita gonar Spiro, inda za ta kwanta a ƙarƙashin bishiya tana kallon teku, ba za a sayar da ita ga masu yanka ƙarfe ba. Za a sha shayi a gidana bayan an dawo.

Ba a buƙatar furanni. Abin da iyali suke roƙo shi ne wannan: dubban mutane sun shiga Beryl da kyamara a hannu. Duk wanda yake da tsohon bidiyon yawonsa, a kaset ne ko a waya, wanda ake jin ƙarar injinta a ciki, ko da hoton bai fito ba, ko da na minti ɗaya ne, ya taimaka ya aiko kafin Asabar. Za mu sa shi a lasifika, mu sa kwalbar ruwan zafi a ƙarƙashin kujerar hagu, mu zaunar da Baba da makirfonsa. Spiro ya ce bai san ko zai yi aiki ba. Ni ma ban sani ba.

Masu zuwa ta'aziyya su jira mu a ƙoli, a wurin tsayawar motoci, su bar gefen hanya saboda masu wucewa. Idan kuka ji ƙirrr, ku yi shiru ku saurara, in ya faɗa ku tafa. Idan kuma mun iso bai ce komai ba, don Allah wani a cikinku ya matso tagar hagu ya gaya masa, a hankali, cewa matar da ke riƙe da sitiyari 'yarsa ce, sunanta Narelle.