Kunkurun Aro da Rabin Gashin Baki

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, har da hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da kunkuru ya ci min gashin baki ba.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharada, zamanin da jiniyar kamfani ce agogon kowa. Ina ji da ƙuruciya, ga wando mai faɗin ƙafa yana share titi, ga kuma gashin baki. Kai, gashin baki! Mai nake shafa masa in murza bakinsa, in na yi atishawa sai ya kaɗa kamar tuta. (Yanzu in na ga hotona na lokacin, kamar wanda ɓera ya mutu a ƙarƙashin hancinsa. Amma a da babu mai gaya min.)

Wata rana direban kamfaninmu, Malam Ilu, ya dawo daga kai kaya Damagaram da 'ya'yan kunkuru biyu a cikin hularsa, kowanne bai wuce murfin gwangwanin madara ba. Ya ba ni ɗaya, ya ba Sabo ɗaya. Sabo shi ne mai injin da ke kusa da nawa, irin mutumin nan da in ka ce masa ina kwana sai ya yi nazari kafin ya amsa. Na dube shi na ce, "Sabo, kai da ko kaza ba ka taɓa kiwatawa ba? Allah ya jiƙan wannan bawan Allah."

Sabo ya tafi da nasa Panshekara, ya jefa shi bayan ɗaki cikin ciyawa da rana, ya manta da shi. Ni kuwa, gwanin kiwo, na raɗa wa nawa suna Giwa. Na sa shi a kwali ƙarƙashin gado don kada rana ta taɓa shi. Tuwo da miyar kuka, tsire, biskit jiƙe da madara, har maganin ƙarin jinin matata na ɗiga masa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Giwa yana nan jiya i yau. Abin da ya ƙaru kawai shi ne ƙoƙon bayansa da ya yi tudu-tudu, nan Dala, can Gwauron Dutse, gefe guda ya fi guda. In yana tafiya kamar keken da mota ta taka. Matata Ladidi takan leƙa kwalin ta ce, "Maigida, wannan Giwar taku, anya ba ƙwaro ba ne ya ari ƙoƙo?"

Sai ga shi ran nan Sabo ya zo da nasa gindin darbejiyar bakin ƙofar kamfani, inda muke cin shinkafa da wake wajen Iya lokacin hutun rana. Kunkurun ya kai girman ƙwaryar fura, sumul, yana sheƙi. Mutane suka yi ta sa albarka. Da ina da hankali da na cika bakina da wake na yi shiru. Ina! Na taɓe baki na ce, "Wannan ne kunkuru? Nawa in ya yi hamma sai ya haɗiye shi bai sani ba."

Daga ranar Giwa ya fara girma, amma a bakina. Wannan mako ya kai faifai, na gaba ya kai daro, kafin wata ya ƙare 'ya'yan maƙwabta suna hawansa bibbiyu. Sabo yana ji yana cin wakensa. Ranar da na ce Giwa ya ture min keke, sai ya ajiye cokali ya ce, "A kawo shi."

Kalma uku kacal, amma duk majalisa ta ɗauka. Ni kuma jaki, maimakon in ce ba shi da lafiya, sai na kama gashin bakina na ce, "In ƙarya nake, a aske wannan a nan, gaban kowa!" Nan take aka sa ranar Alhamis, aka naɗa foman ɗinmu, Malam Garba, alƙali. Dattijo ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin goro.

To, a Dorayi, layi biyu da namu, akwai wani tsohon mai fataucin goro, Alhaji Baffa, da ke da wani ƙaton kunkuru a tsakar gida. Na je na durƙusa na ce nawa ne ya ƙi cin abinci, ina so a ba ni aron nasu wuni guda ya koya masa. Tsohon ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya. Ka dawo min da shi kafin magariba, bai saba kwanan waje ba."

Na cusa shi a buhu, na ɗaure a bayan keke. Nauyi kamar buhun gero. Kafin mu kai Sharada ya sakar min fitsari tun daga ƙugu har dunduniya. (Wannan gargaɗi ne ya yi min, ban gane ba.)

Da hutun rana ya yi na kwance buhu a gindin darbejiya. Har 'yan kamfanin robobi na maƙwabta sun tsallako kallo. Sabo ya saki baki. Na murza gashin bakina na ce, "Sirrin kawai tsire ne. Amma sai mai ilmin abin."

Malam Garba ya taso a hankali, ya zagaya kunkurun. Da ya zo ta baya, inda ƙoƙon ya ɗan ɓalle, sai ya tsaya. Sai muka ga ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Barkanku da rana. Kun zo lafiya? Ya Alhaji? Ya su Hajiya?"

Muka dubi juna. Iya ta ce, "Foman, da wa kuke magana?"

Ya ce, "Da na gidan surukaina mana. Ai ba a gaida su a tsaye." Ya nuna ɓallin. "Kun ga nan? Turmi ne ya faɗo masa ranar ɗaurin aurena. Da nake zuwa zance gidan Alhaji Baffa, shi ke fara tarbata a zaure. Uwar 'ya'yana ma ta ce a bayansa ta koyi zama." Sannan ya ɗago ya dube ni. "Kai kuma da ka ce damina biyu ka raine shi, matso ka gaida babanka."

Jama'a, dariyar da aka yi ran nan, na tabbata an ji ta a Bompai. Iya ta kifar da ludayin miya. Sabo, wanda tun da na san shi ban taɓa jin dariyarsa ba, sai da aka riƙe shi. Ni kuwa ina tsaye da jiƙaƙƙen wando, ina roƙon ƙasa ta tsage, ƙasar Sharada kuwa duk siminti ce.

Akwai wanzami da ke zama a gindin bishiyar, babu wanda ya kira shi, na waiga kawai na ga yana wasa aska. Aka zaunar da ni a benci. Ya shafa sabulu, ya kwashe gefen dama tas. Yana ɗaga hannu zai koma hagu, jiniya ta busa.

Malam Garba ya ce, "Aiki! A ƙarasa in an tashi."

Haka na shiga, na tsaya gaban inji har la'asar sakaliya da rabin gashin baki. Masu wucewa da ba su da wani aiki a sashenmu duk sai da suka sami dalilin zuwa. Manajanmu, wani Ba'indiye mai gashin baki kamar tsintsiya, ya tsaya ya dube ni, ya kai hannu ya taɓa nasa don ya tabbatar yana nan, ya wuce.

Giwa dai a ƙarshe na sallama wa Sabo shi. Ya jefa shi cikin ciyawa, ya ci gaba da girma a hankali yadda Allah ya tsara masa, ba tsire ba madara.

Abin da na koya? Ba zan ce na daina ƙarin gishiri ba, wannan ma wata ƙaryar ce. Amma na gane cewa in za ka kiwata ƙarya, kada ta riga kunkurun girma. Kuma kafin ka ari abu a garin Kano, ko da mai ƙafa huɗu ne, fara tambayar wa ke auren 'yar gidan.